Nawa Ya Rage?

"Sau shida!" na faɗa, na buga tafin hannuna a kan kantarsa. "Sau shida ta kira ka yau, ko rana ba ta raba ba!"

Mai Magani ya ɗago kai daga takardar da yake dubawa, fensir maƙale a bayan kunnensa. Wayar kuwa ba ta fasa ruri ba, kamar da gayya take yi min.

"Bakwai ne, Zuciyata. Ɗaya ya wuce ki lokacin da kika shiga auna matar nan mai jan mayafi."

"Au, abin wasa ma ka mayar da ni?"

"Bari in ɗauka, don Allah. Wataƙila kaya ne suka sauka..."

Ya ɗauka. A gabana! Har da juya min baya.

Shagon ɗinkina yana kallon kantin maganinsa, titi ne kawai a tsakani. Daga kan kekena ina ganin mai shiga da mai fita, kuma ba zan ɓoye ba, matan nake ƙirgawa. Saura wata biyu bikinmu. Ciwon Babana ne ma ya haɗa mu. Shekara talatin Baba ya yi a gidan injin niƙa yana shaƙar gari, ga sigarin da ya bari a makare, sai huhunsa ya toshe. Likita ya ce ba ciwon warkewa ba ne, na lallaɓawa ne, ya ɗora shi a kan wani abin shaƙa, biyu da safe biyu da yamma. A bayan robar maganin akwai wata 'yar taga mai nuna lamba. Duk shaƙa ɗaya, lambar ta ragu da ɗaya.

Wata huɗu da suka wuce maganin ya ɓace daga gari ɓat. Masu kawowa kullum sai su ce wata mai zuwa. Da tsofaffi suka fara faɗuwa, masu kantin magani tara suka haɗa kai. Duk mai ciwon ya ba da suna a kantin da ya saba zuwa, kowace safiya danginsa su turo lambar da ta rage masa. In guda biyu ko uku suka faɗo hannun wani daga cikinsu, ba a duba sanayya, mai ƙaramar lamba ake ba. Wanda ya yi shiru kwana uku kuma, an ɗauka ya samu a wani wuri, sai a soke shi a matso da na ƙasansa.

Ni ke tura ta Baba, ƙarfe bakwai daidai. In na rubuta "68", sai amsar Mai Magani ta zo: "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mai turowar fa, ta karya?" Da haka muka fara, da haka har magana ta kai gaban manya.

Matsalar ɗaya ce. Babbar takardar da ta haɗa kantunan tara tana hannun Mai Gilashi.

Ajinsu ɗaya da Mai Magani a makaranta. Kantinta ya fi na kowa girma, motarta fara, turarenta yana riga ta shiga wuri. Ba ta da aure, ba ta kuma gaggawa. Ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, don ko faɗa na so yi babu inda zan kama.

Bai gama ajiye wayar ba farar motar ta tsaya a ƙofa. Ashe daga bakin titi take kiran!

"Abokin karatu, uku na samo," ta ce, ta dire 'yar jaka a kan kanta. Sannan ta juyo gare ni. "A'a, ƙanwata, ina kwana? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi," na ce, haƙorana a haɗe.

Na ga kwalayen guda uku, irin na Baba sak. Na dubi Mai Magani.

"Ka ajiye wa Baba ɗaya."

"Hamsin da biyu kika turo yau. Waɗannan na mutanen da ba su kai goma ba ne."

"Surukinka ne fa!"

"Na sani. In lokacinsa ya zo, ko a ina yake zan nemo."

"Ƙanwata, takardar ba ta san suruki ba," in ji Mai Gilashi, tana murmushi.

Da a nan ta tsaya, wallahi da na haɗiye. Sai ta miƙa hannu, ba tambaya ba komai, ta zare fensirin daga bayan kunnensa. Ta yi alama a wuri uku. Ta mayar masa da shi inda ta ɗauko, har yatsanta ya shafi gashinsa.

Shi kuwa ko gezau. Ko a jikinsa!

Ni da zan aure shi ban taɓa kai hannu kunnensa ba.

"Allah ya ba ku sa'a, ku da takardarku," na ce.

"Auta, tsaya..."

"Kar ka kuskura ka biyo ni!"

Na tsallaka titi ko mota ban duba ba.

A gida na tarar da Gwaggo, yayar Baba, wadda take riƙe da gidanmu tun rasuwar Innata. Dama can ba ta son auren. Ɗanta mai tafiye-tafiyen kasuwanci take so ta liƙa min, ni kuwa ko muryarsa ba na son ji. Ina gama ba ta labari ta tafa hannu.

"Ahaf! Ai na faɗa. Mutum yana zaune a tsakiyar magani, surukinsa na tari kamar zai amayar da hanji, ya ce sai an bi layi? Wannan miji ne ko ɗan sanda?"

"Gwaggo, fensirin fa..."

"Yau fensir, gobe hula, jibi shi gaba ɗaya. Rabu da shi. Ɗana, yayanki, zai taho da katan guda na maganin in ya dawo."

Na san zuga ni take yi. Na sani sarai. Amma zugar ta yi min daɗi, na sha na ƙoshi. Na ɗauki wayata na toshe layinsa. Washegari na sa aka ɗauko min kekena daga shago, na kafa shi a falo, don kada idona ya sake faɗawa kan farar motar nan.

Ƙarfe bakwai ya yi, hannuna ya nufi abin shaƙar Baba da kansa. Na janye shi. In na duba lambar sai na tuna mai karɓarta, in na tuna shi sai fensirin ya dawo min. Sai na daina dubawa ma gaba ɗaya. Dokar kwana uku kuwa na san ta kamar sunana, amma a raina na ce ai wannan ta baƙi ce, wa zai soke surukin Mai Magani?

Rana ta biyu Mai Magani ya zo. Ina falo na ji sallamarsa, allura ta kusa ɗinke min yatsa. Gwaggo ce ta tare shi a ƙofa.

"Ba ta nan."

"Gwaggo, lambar Baba kawai nake so."

"Mun samu a wani wuri. Ba mu rasa gata ba, ka ji ko?"

Ina ji. Ban tashi ba. Har wani sanyi na ji a raina, na ce gwara shi ma ya ɗanɗana.

Kwana tara na yi a haka. Na ɗinka hannun riga a baibai sau biyu. Na rame, na zama masifaffiya, ko kyanwar gidan ta daina bi ta gabana. Kullum ina zana su a raina, shi da ita, kansu a haɗe a kan takarda, tana gyara gilashi tana dariya. A cikin kwanakin mura ta kama Baba, tarinsa ya ƙaru. In na ce, "Baba, kana shaƙa kuwa?" sai ya ce, "Ina yi, Auta." Ban taɓa cewa ya nuna min ba.

Safiya ta tara, na kai masa ruwan wanka, na same shi zaune a bakin gado ya dafe gwiwoyi. Kafaɗunsa na hawa suna sauka. Leɓɓansa sun canja launi. Numfashin yana fita da wani siririn fito.

"Baba!"

Ya ɗaga min hannu, magana ta ƙi fita.

Na wawuro abin shaƙar daga ƙarƙashin matashi, na juya bayansa.

Sifili.

"Gwaggo! Gwaggo, ki zo! Wayyo Allah, Baba!"

Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a motarsa. Aka sa masa robar iska a hanci, aka yi masa allurai, aka ba shi wani magani mai tururi. Sai wajen ƙarfe goma ƙirjinsa ya fara lafawa. Likitar, wata dattijuwa marar son wasa, ta kira ni gefe.

"Yaushe rabonsa da maganinsa?"

Ban sani ba. Ni 'yarsa, mai kwana gida ɗaya da shi.

"Kwana uku," in ji Baba daga kan gado, da ƙyar. "Murar ce... na riƙa ninkawa... sai ya ƙare."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ga kina fushi, Auta. Ban so... a ce saboda ni kika sunkuya. Yaron ma ya kira ni... na ce akwai saura."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Za mu riƙe shi," in ji likita. "Amma ba zan sallame shi ba sai na ga maganin a hannunku, in ba haka ba jibi za ku dawo min da shi, ko ma ku kasa kawowa. Mu nan ba mu da ko ɗaya."

Nan fa Gwaggo ta buɗe jaka tana washe baki.

"Ai ga shi, likita. Jiya ɗana ya aiko, na manta ne."

Likita ta karɓa, ta juya kwalin, ta kalli Gwaggo ta saman ido.

"Wannan ba irinsa ba ne. Kuma shekara biyu ke nan da lalacewarsa. A ina ya tsinto?"

Gwaggo ta mayar da shi jaka a hankali. Tun da nake ban taɓa ganin bakinta ya mutu ba sai ranar.

Na fita a guje. Kantin Mai Magani a rufe, mai shagon kusa ya ce ya fita rabon magani tun safe. Na bi kantuna huɗu, kowa amsa ɗaya: babu, ki je wurin mai babbar takarda. Na tsaya a bakin titi ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Duk garin nan, ƙofar da na rantse ba zan taka ba ita kaɗai ta rage.

Na taka.

Sanyin na'ura ya buge ni, turarenta ya biyo baya. Tana bayan kanta cikin farar riga.

"A'a, amarya ce da kanta?"

"Babana yana asibiti. Maganinsa ya ƙare."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. Ta jawo takardar, ta bi da yatsa, ta juyo min da ita. Sunan Baba, da jan layi a kansa tun daga farko har ƙarshe.

"An soke shi. Kwana uku babu saƙo."

"Kin san ba mu samu ba!"

"Na san me? Gwaggonku ta ce kun samu. Abokin karatuna da kansa ya gaya min, yana zaune a kujerar nan da kike kallo."

Na kalli kujerar. Ko a wannan halin sai da kishi ya cije ni, Allah ya yafe min.

"Akwai ko babu?" na ce.

"Akwai ɗaya. Na wata tsohuwa ne, uku suka rage mata. 'Yarta za ta zo ƙarfe huɗu."

"Don girman Allah..."

"Ba roƙona za ki yi ba. Wanda ya rubuta mara lafiya, shi kaɗai ke mayar da shi. Kira shi."

"Ke ki kira shi mana. Ai kin saba."

"Na saba," ta ce, ta naɗe hannu. "Amma yau ke za ki kira."

A gabanta na ciro waya. A gabanta na buɗe layin da na toshe, tana kallo ta cikin gilashin nan. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka. Babu sallama, babu ina kika shiga.

"Nawa ya rage?"

Muryarsa kawai na ji, hawaye suka ɓalle.

"Sifili..."

"Tun yaushe?"

"Kwana uku. Yana asibiti."

Ƙarar motoci kawai nake ji a bayansa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Ba ta wayar," ya ce.

Wayata, da hannuna, na miƙa wa Mai Gilashi don ta yi magana da mijin da zan aura.

"Ina ji... E, sifili yana gaban uku, na sani. Tsohuwar fa?... Wa zai nemo mata?... Garin da nisa fa, awa biyar ne, kuma ba tabbas... To. Shi ke nan."

Ta ajiye. Ta buɗe durowa, ta ciro kwalin ta tura min. Na kai hannu, ta ɗora yatsa a kai.

"Tsaya, ƙanwata. Ina son sa."

Na janye hannuna.

"Tun muna aji nake son sa. Ranar da na ja jan layin nan doka na bi, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. Na so in kira gidanku in tabbatar, na fasa. Wannan laifina ne, zan ɗauka." Ta cire gilashin ta goge. "Kwana tara yana zuwa nan. Ban da takarda ba ya yi min maganar komai, sai ko wani daga gidanku ya leƙo. Kuma tun ranar da na taɓa fensirin nan ya daina sa shi a kunne. A aljihu yake ajiyewa, har da maɓalli."

Ta ɗage yatsan.

"Je ki. Amma in kika sake sakin sa kwana tara, ba zan yi miki alkawarin komai ba."

Ban san ko godiya zan yi ko harara ba. Na yi duka biyun, na fita.

Baba ya shaƙa a gaban likita. Na juya robar na ga ɗari da sha takwas, na rungume ta kamar jaririya. Na zauna ina jiran Mai Magani ya shigo, na shirya kalaman ban haƙuri kala-kala. Bai zo ba. Na kira, ya ce yana hanya, ya kashe. Ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce min.

Sai washegari da rana ya shigo ɗakin, idanunsa jajur, rigar jiya ce a jikinsa duk ta yamutse. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya duba lambar da kansa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Sannu da hanya, ɗan nan," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Yawwa, Gwaggo."

Ni ko kallona bai yi ba sai da muka fito baranda. Ya ciro kwali daga jaka ya sa min a hannu.

"Na tsohuwar ne. Ke za ki kai mata."

Tare muka je. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani garejin gyaran mota. Tsohuwar na jingine da bango, an tokare ta da matasai, tana jan numfashi irin na Baba sak. 'Yarta ta taso da sauri.

"Jiya na je ƙarfe huɗu aka ce an ba wani," ta ce. "Da safen nan ta shaƙi na ƙarshe. Ban runtsa ba, wallahi, ina ta kallon ƙirjinta."

Na miƙa mata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana zuba min addu'a, Allah ya ba ni miji nagari, Allah ya raba ni da baƙin ciki. Ba ta san ni ce na hana ta barci ba. Na kasa cewa amin.

A waje na tsaya jikin wata tsohuwar mota marar taya, na fashe da kuka.

"Ka yafe min..."

Ya zaro takardar kantinsa daga aljihu, ya warware ta, ya nuna min layin Baba. Babu jan layi. Ga 52 da biro, lambar ƙarshe da na tura. A gabanta, da fensir, ƙanana-ƙanana: 48, 44, 40... har 16.

"Gwaggo ta ce kun samu, Baba ya ce akwai saura. Amma ba daga bakinki na ji ba, sai na kasa sokewa. Kullum ƙarfe bakwai in duba waya, in ga babu, in cire huɗu da kaina. A lissafina saura kwana huɗu. Har na yi magana da mutanen garin can su ajiye masa."

"Ya ninka ne, saboda mura..."

"Na sani yanzu. Fensir ba ya jin tari, Auta. Ke ce kike ji."

Na rufe fuska da mayafi.

"Ta taɓa kunnenka," na ce cikin kuka. Ban san lokacin da ya fito ba.

"Ta taɓa. Ni kuma na tsaya kamar gunki, ban ce komai ba. A nan na yi laifi, ki yafe min." Ya ja numfashi. "Amma ki saurare ni. Ba zan daina ɗaukar wayarta ba. Mutum sittin da ɗaya ne a takardar nan, kowannensu Baban wani ne ko Innar wani. In aurena yana nufin in bar su, gaya min yanzu."

"Ban ce ka bar su ba."

"To ki yi fushi da ni yadda kike so. Ki hana ni gaisuwa, ki hana ni abinci, ki kwashe keke ki kai bayan duniya. Abu ɗaya na roƙe ki."

"Me?"

"Ƙarfe bakwai, ki turo lambar."

Na gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan takardarsa. Ya janye ta da sauri.

"Kai, Zuciyata, za ki jiƙa min mutane!"

Dariya ta kuɓuce min a tsakiyar kuka. Ya ciro fensirin daga aljihu, ya ɓalle maɓallin a hankali yana kallona, ya miƙo min. Na karɓa. Na ɗaga ƙafa, na maƙala masa a bayan kunne da hannuna.

Satin da aka sallami Baba na je taron masu kantunan tara, ni tela, ba wanda ya gayyace ni. Na ce dokar kwana uku tana da rami, don ni na faɗa ciki. Shiru ba samu ba ne. Wani wayarsa ce ta lalace, wani kunya ce, wata kuma haukan kishi ne. Suka yi dariya, ban da Mai Gilashi. Ita ce ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Amma wa ke da lokacin bin su ɗaya-ɗaya?"

"Ni," na ce.

Tun daga ranar ba a soke kowa sai na kira shi, in bai ɗauka ba in rufe shago in je har gida. A watan farko na tono mutum biyar da aka kusa sokewa, biyu a cikinsu ba su kai goma ba. Sunayen kuwa Mai Gilashi ke turo min. Yanzu ni take kira sau shida a rana. Har yau ba na son turarenta.

An yi biki. Gwaggo ta fi kowa rawar kai, tana gaya wa mutane ai ita ta zaɓo min shi. Baba ya dawo ɗakin gaba na sabon gidanmu, don in ji tarinsa da kunnena.

Kada wani ya ɗauka na warke. Wata uku da auren, wata mai sayen maganin ciwon kai ta tsaya a kantarsa minti ashirin da biyu tana dariya. Daga kan kekena na ƙirga. Ranar ko sannu da zuwa bai samu ba.

Da safe na dire masa shayi har ya fantsama. Na zauna a ɗaya gefen teburin na juya masa ƙeya. Ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba.

Agogon bango ya buga bakwai.

Na tashi na shiga ɗakin Baba, na dawo na zauna, fuskata a ɗaure. Wayarsa ta yi ƙara a gefen kofinsa, taku ɗaya daga inda nake. Ya duba.

"84."

Ya zaro fensir daga kunne ya rubuta. Sannan ya ɗauki wayar yana dannawa, yana cije leɓe don kada dariya ta fito. Tawa ta yi ƙara a cinyata. Na so in share, na kasa.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mai turowar fa, ta karya?"

Ban ba shi amsa ba. Na dai tura masa sukari.